Wa ya koya ma kakanka riƙon baka?

Ɗan uwa mai karatu, a garuruwanmu da yawa akwai gidan da za ka shiga ka ga tsohon baka rataye a zaure, ko takobi cikin kube a ƙarƙashin gadon mai gida. Shekara da shekaru ba mai kula da su, sai ranar salla. Amma tun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka fara ƙetaro iyaka bisa moto, zance ya sake. A majalisa kana jin samari suna cewa kakanninsu da baka suka tsare gari, su ma bari su sauko da shi. Zuciya ce mai kyau. Amma kafin ka miƙa hannu, tsaya ka ji yadda kakan naka ya koyi baka, da wanda ke ba shi izinin harbi, da kuma ranar da bakan ya kasa.

A zamanin da, talaka ba shi da lakwal ta koyon yaƙi. Gona da daji da dandali su ne lakwal ɗinshi. Yaro yana ƙarami ake aika shi tsaron gona. Da majaujawa yake korar tsuntsu, nan hannunshi ke koyon saiti. Sai a yi mishi ɗan ƙaramin baka. Ya harbi ƙadangare, ya harbi kurciya. Ya kuskure sau ɗari kafin ya samu sau ɗaya. Da dare, in akwai farin wata, a fita dandali a yi langa. Kai ma ka yi ta: ƙafa ɗaya a hannu, kana tsalle, kana ture abokinka, kana tsaron kada a ture ka. Ka ɗauka wasa ne kawai? Langa ke ba yaro ƙarfin ƙafa, ita ke koya mishi tsayuwa. Bayan langa sai kokawa. Ɗiyan mahauta su ɗaure hannu su shiga dambe. A wasu ƙauyukan maguzawa har akwai shanci, faɗa da ƙarfe mai kaifi a wuyan hannu. Ɗan Bafillatani kuwa sanda ce abokiyar tashinshi. Da ita yake kiwo, da ita yake kashe maciji, da ita yake tare dukan wani. In ya zama saurayi ya shiga sharo, ya tsaya a dake shi, bai motsa ba.

Babbar lakwal ita ce farauta. In an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai a buga ganga. Garuruwa da dama su haɗu, a shiga daji, Sarkin Baka yana gaba. A nan saurayi ke koyon abin da ba a koyo a gida. Ya yini yana tafiya da ruwa kaɗan. Ya duba sawu ya ce maka ko na jiya ne ko na safen nan. Ya san inda iska ke kaɗawa, don kada nama ya ji warinshi. Ya iya yin shiru. Ya tsaya inda aka tsai da shi, ko da zomo ya gilma ta wani gefe. Kuma ya san ba a sakin kibiya in ɗan uwa yana gaba. Wanda ya karya wannan doka, manya ba su sake tafiya da shi.

Dubi kibiyar kanta. Jikinta kyauro ne, mara nauyi. Maƙeri ke ƙera bakinta, ya yi mata kunnuwa don in ta shiga kada ta fita da sauƙi. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, kamar yadda wasu ƙasashe ke yi. Ke nan ba ta tafiya nesa sosai bisa saiti. Mai baka dole ya matso kusa, ya danne tsoro, ya jira. Ƙarfin kibiya yana ga dafi. Daga ƴaƴan kwankwani da nonon tinya ake samo shi. Kwankwani zuciya yake tsayarwa, shi ya sa ƙaramin rauni ke kada babban mutum. Ba kowa ke haɗa dafi ba. Sirri ne na gida, uba ya ba ɗa, kuma sai ya ga hankalin ɗan ya zauna. Yaro mai saurin fushi ba a ba shi.

To, ƙirga da kanka. Daga majaujawa zuwa ranar da za a rataya ma saurayi kwari cike da kibau masu dafi, shekara goma ta wuce.

Wancan na ƴan ƙasa ne, wato dakaru. Masu doki nasu daban. Doki dukiya ne. Sarki ne ke ba bayinshi da baradenshi doki, ko babban mai sarauta ya ba yaranshi. Barde yana riƙe linzami da garkuwa a hannu ɗaya, mashi a ɗayan, takobi yana rataye a kafaɗa. Garkuwa ta ƙwarai da fatar warwaji ake yin ta, irin ta Abzinawa. Wasu suna sa sulke da kwalkwali. Akwai kuma ƴan lifida. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa ma auduga, a sa ma doki, a sa ma mahayi. Kibiya ba ta huda shi da sauƙi. Amma yana da nauyi, yana da zafi, kuma wuta tana kama shi. In ɗan lifida ya faɗo, da ƙyar yake tashi in ba a tashe shi ba. Sukuwar da kake gani ranar hawan salla, inda mahaya ke zaburowa su ja linzami cak a gaban sarki, ragowar horon yaƙi ce.

Kada ka ce mai doki kullum shi ke da nasara. Cikin watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, da ƴan lifida, da Abzinawa. Jama'ar Shehu Usumanu ɗan Fodiyo dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu ƴan baka ne. Ƙanen Shehu, Abdullahi, shi ke ja musu gaba. Suka haɗa kafaɗa suka tsaya wuri ɗaya, ba su watse ba. Dawaki suka afko, kibau suka tare su. Ran nan baka ya kori doki. Ba don bakan nasu ya fi na Gobirawa kyau ba. Tsayuwar ce. Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa suka rama a Tsuntsuwa, suka yi musu ɓarna mai yawa. Yaƙi ke nan, yau gare ka, gobe ga wani.

Daga wannan yaƙi ne garuruwanmu biyu suka samo asali. Birnin Katsina ya faɗi a 1807, Alkalawa ta Gobir a 1808. Sarakunan Katsina na dauri suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Bayan nan Gobirawa suka kafa Tsibiri. Tun daga lokacin har zuwan Nasara, ƙasar nan ba ta huta ba. Ɗan Baskore ya yi sarauta fiye da shekara 20 a Maraɗi, yana kai hari kudu, ana kawo mishi. Kada mawaƙa su ruɗe ka da daɗin kirari. Zamani ne mai wuya. An ƙone garuruwa, an kama mata da yara an sayar. Manomi yana noma, kwari yana rataye a kafaɗa.

Amma ga abin da nake so ka duba da kyau. Cikin wannan wuya duka, makami yana da mai shi, mai shi kuma yana da na gaba da shi. Ba saurayi ke tashi don ranshi ya ɓaci ya ce a tafi yaƙi ba. Sarki ke shawara da manyan fada. A Maraɗi, Ƙaura ke jan rundunar yaƙi. Ƴan baka suna bayan Sarkin Baka. Masu doki suna da ubandawakinsu. Kafin a tashi sai an aika ƴan leƙen asiri sun dubo hanya da rijiyoyi. Tambari da kakaki ke faɗin lokacin afkawa da lokacin janyewa.

Kuma babban makamin gari ba baka ba ne. Ganuwa ce da kafi. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ake kira Abdul Karimu, ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851. Ya tarar da Gazawa kewaye da kafi na itace mai ƙarfi da rami mai zurfi. Wa ya haƙa ramin? Mutanen gari, da gayya. Akwai mai tsaron ƙofa. Rana ta faɗi a rufe. In an hango ƙura, a buga ganga, na gona su rugo, a koro bisashe ciki. Yawancin rayukan da aka tsirar a wancan zamani, ganga da ƙofa suka tsirar da su.

Sai bindiga ta shigo da ƙarfi. A ƙasarmu ba wanda ya gane ta kamar Tanimun, Sarkin Damagaram, wanda ya rasu a 1884. Ya kewaye Birnin Zindar da ganuwa. Ya sayo bindigogi daga Larabawan Tarabulus ta hanyar hamada. Ya sa ana haɗa albarushi a cikin gari, maƙeranshi har igwa suka zuba. Ƴan bindigarshi dubbai ne, yawancinsu bayin sarki. Maƙwabta duka suka ji tsoron Damagaram. Ka lura da abu ɗaya: ɗan baka sai ya shekara goma yana koyo, ɗan bindiga kuwa cikin ƴan watanni an gama da shi. Tun nan darajar dogon horo ta fara raguwa.

Bindigogin nan na ɗuri ne. Ka zuba albarushi ta baki, ka tura harsashi, ka danna, ka harba sau ɗaya, ka sake. Nasara da suka zo, tasu ta baya ake sa mata harsashi. Tana harbi da sauri, tana kai wa nesa.

Shekarar 1899 ita ce ta raba gardama. Rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta taso daga yamma, tana ƙone garuruwa. Cikin watan Afrilu ta iso Lugu, a ƙasar Arewa, garin Sarauniya Mangu. Mutanen Lugu ba su miƙa wuya ba. Maharba ne na ainihi. Suka tare su da kibau masu dafi, da wuta ta yi yawa suka janye cikin sarƙaƙiya, inda mai bindiga ba ya ganin abin harbi. Nasara sun ƙone dubban harsasai, sun yi asarar ƴan sojoji. Sarauniya ba ta shiga hannu ba. Amma an ƙone garin, kuma mutanen Lugu da suka mutu sun fi yawa nesa. A watan Mayu aka afka ma Birnin Ƙonni, ganuwarta ba ta hana ba, aka yi kisa mai ban tsoro. A ƙarshen watan Yuli, Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya fito da dawakinshi da ƴan bindigarshi ya tare Nasara a Tirmini, yamma da Zindar. Barade suka zabura kamar yadda aka koya musu tun suna yara. Harsashi ya tare su tun ba su kai inda mashi ke aiki ba. Yini ɗaya aka gama. Nasara suka shiga Zindar, bayan ƴan makonni aka kashe Amadu.

Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne. Sun fi ni da kai sanin doki da takobi. Suna da layu da guraye, malamai sun yi musu addu'a. Ka riƙe wannan, za mu komo kanshi.

Da mulkin Nasara ya zauna, aka hana yaƙi tsakanin sarakuna. Takobi ya zama ado, lifidi ya koma na hawan salla, baka ya rage ga mafarauta. Amma horon jiki bai mutu ba. Kokawa ta ci gaba a kowane dandali bayan kaka. A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka yi kokawar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Daga baya aka sa takobi ya zama kyautar wanda ya kada kowa. Abin dubawa ne: takobin da ya fi kowane daraja a Nijar, da hannu wofi ake cin shi.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A ƙasar Japan, can gabas mai nisa, akwai mayaƙa masu takobi da ake kira samurai. A 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi. Wani malami, Jigoro Kano, ya duba dabarun faɗa na da. (Sunan ne kawai ya yi kama, ba ruwanshi da birnin Kano.) Ya ware waɗanda ke kisa da karya ƙashi, ya tsara sauran, ya buɗe makaranta a 1882. Ita ce judo. Abin da ake fara koya ma yaro a judo shi ne yadda zai faɗi ƙasa bai ji ciwo ba. Daga ƙasar Koriya kuma taikwondo ta fito, faɗan ƙafa. Ɗan ƙasarmu Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo lambar azurfa da ita a wasannin duniya na Rio, ƙasar Barazil, a 2016. A 2017 ya zama zakaran duniya. A manyan garuruwanmu akwai wuraren koyon waɗannan wasanni, har da ƴan mata a ciki.

Yanzu mu zo ga yau. A shekarar 2000 an tara bindigogi fiye da 1000 a Agadas an cinna musu wuta, don murnar ƙarshen tawaye. Mutane suka ce an huta. A 2011 mulkin Gaddafi ya faɗi a Libiya, rumbunan makamai suka buɗe, bindiga ta bazu ko'ina cikin Sahel. Wadda ɓarawo ke riƙe da ita yanzu ita ce Kalashnikov. Gidan harsashinta yana cin 30. Tana kisa daga mita 300. Yaro ɗan shekara 15 yana koyon ta cikin kwana kaɗan. Ba uban da ya zauna ya duba hankalinshi kafin a ba shi. A 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo cikin jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, saboda masu wannan bindiga. Mutanen Madarunfa da Gabi su ma sun san zancen, ba sai an ba su labari ba.

Me ya samu waɗanda suka fita tarar su da makaman gida? A Zamfara an kafa ƴan sa-kai, da adduna da bindigogin harba-ruga. Cikin Afrilu 2014 suka yi babban taro a ƙauyen Ƴar Galadima. Ƴan bindiga suka zo bisa moto suka buɗe wuta, mutum fiye da 100 suka mutu. A ƙasarmu, cikin Nuwamba 2021, magajin garin Banibangu ya ja ƴan sa-kai suka bi sawun ƴan ta'adda cikin daji. Aka yi musu kwanton ɓauna. Gwamnati ta ba da sanarwar mutum 69, har da magajin garin. Tirmini ce ta sake dawowa. Wanda ya ce maka yana da maganin bindiga, tambaye shi ko ya fi baraden Damagaram layu. Ɗan tauri a fagen wasa wuƙarshi ce a hannunshi, shi ke yanka kanshi, shi ya san yadda yake jan ta. Harsashi daga hannun wani yake fitowa.

Akwai wata ɓarna da ta fi wannan ciwo. Makamin da ba shi da Ƙaura, ba shi da Sarkin Baka, ba ya tsayawa kan ɓarawo. A Zamfara ƴan sa-kai sun riƙa kama Fulani a kasuwa suna kashewa, mai laifi da mara laifi. Ƴan uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji suka sayi bindiga. Wutar ta ƙaru. Mu ma muna da namu tabo. Cikin Oktoba 1991, a Toda, kusa da Maraɗi, rigimar manoma da makiyaya ta tashi. Mutanen ƙauyuka suka afka ma rugar Fulani. Fiye da mutum 100 suka mutu, yawancinsu mata da yara. Ba sojan wata ƙasa ya yi ba. Maƙwabta ne, masu cin kasuwa ɗaya.

Ba cewa nake ka naɗe hannu ba. Cewa nake, cikin gadon kakanka ka zaɓi abin da har yanzu ke aiki. Sanin sawu yana aiki. Tsohon maharbin garinku yana iya duba ƙasa ya ce moto nawa suka wuce, da wane lokaci, suka nufi ina. Wannan labari, in ya kai ga jandarma da sojoji da wuri, ya fi kibiya ɗari. Ganga tana aiki, yau ga salula ta ƙaru a kanta. Garin da ya san wa ke kwana a farke, wa za a kira, ta wace hanya mata da yara za su bi, ina za a kora bisashe, ya yi abin da mutanen Gazawa suka yi. Mai gari da ardon Fulani su zauna tabarma ɗaya tun ba a shiga gonar kowa ba, don ɓarawo yana sace na manomi, yana sace na makiyayi. Bindiga kuwa, riƙe ta ba da izinin hukuma ba laifi ne, ana ɗaure mutum a kanshi.

Ga rigimar yau da kullum, ta hanya da kasuwa da tasha, a nan ne kokawa da sanda ke da amfani. Ɗan kokawa ya san yadda zai kwance hannun da ya shaƙe shi. Ya san faɗuwa. Ya saba da a riƙe shi, don haka ba ya ruɗewa. Sandar makiyayi tana tsai da mahaukacin kare, tana tsare tazara tsakaninka da mai wuƙa har jama'a su iso. Wuƙar aljihu dabam ce. Je ka gidan kaso na Maraɗi ko na Zindar, za ka tarar da samarin da suka ɗauki wuƙa don tsaron kai, gardamar dala biyar ta tashi, hannu ya riga hankali. In mai bindiga ya tare ka ya ce ba ni moto, ba shi. Malaman judo da taikwondo su ma haka suke gaya ma almajiransu.

Ke ma ƴar uwa, zancen ya shafe ki. Ɗiyarki ce ke tafiya itace da ɗiban ruwa nesa da gari. Kada ta tafi ita kaɗai. In wani ya kama ta a wuyan hannu, kada ta ja baya da ƙarfi, don ya fi ta ƙarfi. Ta murɗa hannun ta wajen babban yatsanshi, nan ne riƙo ke da rauni. Ta yar da kayan da ke kanta, ta yi kururuwa tana kiran sunan wanda ta sani, ta ruga wajen mutane. Ku gwada a tsakar gida, ita da ƴan uwanta, yau da gobe da jibi, har hannun ya riƙa yi da kanshi.